Ƙawar 'Yata a Shekarar Rusau

Shekarar da aka rubuta lamba da jan fenti a bangon gidanmu na unguwar Zangouettin, 'yata tana da shekara huɗu, kuma ba ta da ƙawa ko ɗaya. Ba ciwo gare ta ba, ba kuma rashin baki ba. A ɗaki takan yi ta surutu har sai na ce ta bar ni in ji da aikina. Amma da zarar wani yaro ya leƙo, sai ta shige ƙarƙashin keken ɗinkina, ta riƙe ƙafar ƙarfen, ta yi tsit. Na sa ta a jardan ɗin da ke bayan masallaci, makarantar ƙananan yara da wata mata ta buɗe a tsakar gidanta, ko za ta saki jiki. Wata uku tana zuwa. Duk ranar da na je ɗaukarta, tanti, wato malamar da ke kula da su, abu ɗaya take gaya mini: ta ci abincinta, ba ta yi kuka ba, ta wuni kusa da randar ruwa tana kallon sauran.

Gidan na kakan maigidana ne, wani bafataken goro da ya zauna a nan tun gari bai kai haka ba. Surukata ce babba a gidan a lokacin, Inna muke ce mata. Akwai ɗakuna huɗu a baya da ake ba 'yan haya, kuma tun da maganar tashin unguwa ta yi ƙarfi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa muka yi mamaki da wata safiya amalanken jaki ya tsaya a ƙofa, aka sauke tabarma da tukwane biyu da rabin buhun dawa. Wata mata ce 'yar ƙabilar Mosi ta zo daga ƙauye, mijinta yana tura barikin ruwa, wato gangar ruwan sayarwa, a cikin gari. Inna ba ta ɓoye musu ba, ta ce gidan nan kwanakinsa sun kusa ƙarewa. Mijin ya ce ya sani, ko wata biyu ne su dai su samu inda za su sa haƙarƙari.

Da yarinya suka zo, tsarar 'yata, ko ta ɗan girme ta da watanni. Siririya ce, an aske mata kai saboda ƙuraje, ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Ita kuwa 'yata, Mosancin da ta sani bai wuce gaisuwa ba.

Da yake a bakin ƙofar ɗakina nake ɗinki, tsakar gidan duka a idona yake, don haka na ga yadda abin ya faru tun daga farko. Kwana shida ba wadda ta ce wa wata komai. Baƙuwar takan zauna a gindin darbejiya da gwangwanin sardin biyu da marafan kwalba, tana zuba ƙasa tana juyewa. 'Yata tana leƙenta ta tsakanin ƙafafuna. Rana ta uku ta kwashi ƙyallayen da nake zubarwa ta koma bakin dokin ƙofa. Washegari ta matsa zuwa wajen turmi. Ba ta duban yarinyar kai tsaye, amma in waccan ta zuba ƙasa a gwangwani, ita ma sai ta zuba ƙasa a ƙyalle. In waccan ta yi kamar tana fifita wuta, ita ma ta ɗaga hannu ta fifita iska. Haka suka yi ta dafa abinci iri ɗaya, kowa a murhunta, taku biyar tsakaninsu.

Faɗa ne ya fara haɗa su. 'Yata tana da wani bobin na roba, irin wanda zare yake ƙarewa a jikinsa, kore, ba ta yarda ko ni in taɓa. Ya gangara ya tsaya a ƙafar baƙuwar, ita kuwa ta ɗauka ta sa a baki ta hura, ya yi fito. 'Yata ta fasa kuka, ta je ta fizge, ta haɗa da yakushi. Uwar yarinyar ta fito da sauri tana ba ni haƙuri, ni ma ina ba ta. Na ɗauka an gama ke nan. Da gari ya waye, ina shara, sai na ga yarinyar ta taho a hankali ta ajiye gwangwanin sardin ɗaya kusa da ƙafar 'yata, ta koma gindin bishiya ta juya baya. 'Yata ta daɗe tana kallon gwangwanin. Can ta tashi, ta je ta tsuguna kusa da ita, ta miƙa mata bobin ɗin, ta ce da Hausa, "Ki sake yi." Yarinyar ba ta ji kalmar ba, amma ta gane. Ta hura.

Daga ranar ba a ƙara ganin ɗaya ba ɗaya. Da safe kafin in ɗaura wa 'yata jakarta ta jardan, ƙawar tana tsaye a ƙofa. In ta dawo da rana, ba ta cire takalmi sai ta gan ta. Suka ƙirƙiro wani yare nasu, rabi Hausa rabi Mosanci, da 'yan kalmomin Faransancin da 'yata ke kwasowa daga jardan. Suna ɓatawa sau uku a wuni. "Ba na yi da ke," in ji 'yata, ta tafi ta zauna a bayan turmi, kafin in gama kalmasa bakin zane ɗaya sun koma suna raba ƙosai guda biyu. Na ji daɗi ƙwarai. Har maigidana na tare a ƙofa ranar nan na ce ya tsaya ya ji 'yarsa tana dariya da wani mahaluki da ba mu ba.

A waje kuwa unguwa tana ta canzawa. Mutane masu hulunan roba suna yawo da igiyar awo da manyan takardu, suna shiga gida gida, suna auna ɗakuna, suna ƙirga bishiyoyi. Maza suna taro a masallaci bayan la'asar, su fito fuska a ɗaure. Akwai ranar da samari suka ƙona tayoyi a bakin titi, hayaƙi mai sa hawaye ya shigo har tsakar gidanmu, muka tura yaran biyu ƙarƙashin gadon Inna da jiƙaƙƙen tsumma a hanci. Daga baya aka daina taron. Masu gidaje suka fara karɓar takardun sabbin filaye can bayan gari, kuma kowa da hannunsa yake cire kwanon rufinsa da ƙofofinsa kafin katafila ta zo ta ture sauran. Daga gefen unguwar Kamsaoghin aka soma. Da safe mukan ji ƙararta daga nesa, kamar ana jan babban ƙarfe a kan dutse.

A cikin waɗannan kwanakin ne wasan yaran ya sauya. Sun bar dafa abinci. Sai su ɗebi taɓo a bakin magudanar ruwan wanke-wanke, su gina 'yan gidaje a jere, har da ƙofofi na kwali. In sun gama, ɗaya ta rataya tsohuwar igiyar awona a wuya tana aunawa, ɗayar tana biye da guntun jan allin da nake zana yadi da shi, tana yi wa kowane gida alama. Sannan su ja da baya, su riƙe hannu, su taho suna gurnani a maƙogwaro, su tattake su duka. Ba sa dariya in suna yi. Shi ne abin da ya fi damuna. Su gama, su tsuguna, su fara tona taɓon da yatsu kamar masu neman wani abu, sannan su sake gini.

Inna ce ta fara magana. Wata rana ta fito alwala ta tarar da jan alli a jikin ƙofar ɗakinta, wani karkataccen zane daidai tsayin hannun yaro. Ta tsaya da buta a hannu ta kira ni.

"Ke, 'yar nan, zo ki ga aikin 'yarki."

"Wasa ne, Inna. Yanzu zan goge."

"Wannan ba wasa ba ne. Ni za su yi wa alama ina raye? Tun da yarinyar can ta shigo gidan nan jikata ta daina wasan mutane. Ki raba su."

Na san ba yarinyar ce ta kawo ba. Ta zo daga ƙauyen da ba a taɓa rushe komai ba, kuma allin nawa ne. Amma Inna a gidan nan aka kawo ta amarya, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan aka fitar da gawar mijinta, kuma ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki. Ban musa mata ba. Na ɓoye allin, na hana 'yata zuwa ɗakunan baya, na gaya wa uwar yarinyar da Mosanci cewa tsohuwa ba ta jin daɗi, a ɗan rage hayaniya. Ta gane abin da nake nufi. Ta sunkuyar da kai ta ce babu komai.

Kwana uku suka yi a rabe. 'Yata ba ta yi rigima ba. Ta koma ƙarƙashin keke, ta daina cin abincin rana, kuma na lura tana ɓoye rabin burodinta a cikin riga. Rana ta uku na kama ta tana tura shi ta ƙasan zanan da ya raba tsakar gida da ɗakunan haya, wani ɗan hannu yana karɓa daga can. Na yi kamar ban gani ba. Rana ta huɗu na ɗage zanan da kaina. Inna ta gani daga inda take zaune, ba ta hana ba.

Jardan ma yana ta raguwa. Kowane mako sai an ce wance ta tafi, wane ya tafi. Akwai wata yarinya mai kitso da jan zare da ke zama kusa da 'yata a aji, ba ƙawarta ba ce sosai, amma ita ce kaɗai ta taɓa ba ta alewa. Gidansu yana layi uku daga namu, kuma yana cikin waɗanda aka fara turewa a ɓangarenmu. Wata rana ina yi wa 'yata wanka ta tambaye ni, "Mama, mai jan zare tana ina?" Na ce sun tashi. Ta ce, "Gidansu ya faɗi." Na ce e, ya faɗi, ɗaga hannunki. Hankalina yana kan ɗinkin da zan miƙa kafin Juma'a. Ban tsaya na ji abin da take tambaya ba.

Ranar Talata ce, bayan azahar. Na idar da salla na fito, ban ji motsinsu ba. Na duba gindin darbejiya, na duba ɗakin Inna, na leƙa bayan gida. Uwar ƙawar tana daka, ta ce ta ɗauka suna wajena. Muka fita tare, ita da taɓarya har yanzu a hannunta, ta manta ba ta ajiye ba. Mai tebur na bakin layi ya ce ya ga yara biyu sun bi ta can riƙe da hannu, ya nuna gefen da aka rushe.

Ban taɓa shiga wajen ba tun da aka fara. Layin da na yi shekaru ina bi zuwa kasuwa, ranar kasa gane shi na yi. Babu rufi ko ɗaya. Tulin bulo da ƙasa ta ko'ina, nan rabin bango da shuɗin fenti, can bakin rijiya a buɗe ba murfi, ramukan masai an bar su haka. Awaki suna yawo a inda ɗakunan mutane suke a da. Katafila tana aiki a bayan wani dogon gini, ba ma ganinta, amma duk turawar da ta yi sai ƙasa ta motsa a tafin ƙafata. Ina kiran 'yata, matar tana kiran tata, ƙarar tana haɗiye muryoyinmu. Kowace rijiya muka wuce sai na leƙa, kuma kafin in leƙa sai na rufe ido tukuna.

Matar ce ta hango su. A gidan su mai jan zare suke, a cikin abin da ya rage na wani ɗaki. Bango biyu ne a tsaye, ɗaya ya tsage daga sama har ƙasa, ya sunkuyo ciki, ƙasa tana zubowa daga tsagar kaɗan kaɗan duk lokacin da injin ya yi ƙara. A gindinsa suke tsugune. Ƙawar tana haƙa da gwangwanin sardin, 'yata ta kafa baki a wani rami tsakanin bulo tana magana a hankali. Kusa da su an ajiye guntun burodi a kan ganye.

Na so in yi ihu, matar ta dafa mini hannu. Ta ce da Mosanci, murya ƙasa ƙasa, kada mu firgita su su ruga ta wajen bangon. Ta ajiye taɓaryar, ta kira 'yarta kamar yadda take kiranta cin abinci. Yarinyar ta ɗago, ta miƙe, amma ba ta taho ba. Ta nuna ƙafar 'yata. Sai a lokacin na ga jini. Wani tsohon kwano ne ya yanke ta a dunduniya, ta kasa takawa, kuma ƙawar ta ƙi matsawa ta bar ta. Uwar ta sake kira, yarinyar ta girgiza kai, ta ƙara damƙe hannun 'yata. Na shiga. Taku bakwai ne ko takwas, ina jin ƙasa tana zubo mini a wuya. Na sunkuci tawa, na ja ɗayar da hannu guda, muka fito. Bangon bai faɗi a ranar ba. Da maigidana ya bi ta wajen bayan kwana biyu, ya ce babu shi.

A dispansar, ƙaramin asibitin unguwa, aka wanke ciwon aka yi mata allura. Ba ta yi kuka sosai ba. A hanyar dawowa tana goye a bayana na tambaye ta me suka je yi.

"Mun kai mata burodi," ta ce. "Tana ciki. Duk suna ciki."

"Su wa?"

"Yaran jardan. Gida ya faɗi a kansu. Ba wanda yake tono su."

Na tsaya a tsakiyar hanya. Na sauke ta na tsuguna, na ce ba kowa a ciki, sun fita kafin a rushe, an kai su sabon gida. Ta dube ni irin kallon da yaro ke yi wa babba in ya san ana lallashinsa ne.

"In namu ya faɗi, ƙawata za ta tono ni," ta ce. "In nata ne, ni zan tono ta. Mun riga mun gama magana."

Da wane yare suka gama wannan maganar, ban sani ba har yau.

Da ƙafar ta ɗan warke, na roƙi maigidana mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur ɗin nan. Na goya 'yata, na zaunar da ƙawar a gaba tana riƙe da kan babur ɗin, muka nufi sabbin filayen da ke bayan gari. Tafiya ce mai nisa, babu inuwa. Da tambaya na gano inda iyayen mai jan zare suka kafa rumfar kwano kusa da tulin bulonsu. Ga ta nan zaune tana cin gyaɗa, kitson ma an sauya mata. 'Yata ta sauka ta je ta tsaya a gabanta, ta taɓa mata hannu, ta taɓa mata kai. Ita kuwa yarinyar ko gane ta ba ta yi sosai ba, ta ɓoye gyaɗarta a baya. Ba su yi wasa ba. Muka sha ruwa, na gaisa da uwar, muka juyo.

Na ɗauka na warware matsalar. Muna cikin tafiya 'yata ta ce daga bayana, "Mu ma nan za a kawo mu?" Na ce nan kusa. Ta ce, "Da ita?" Iska tana kaɗa mini kunne, na yi kamar ban ji ba. Filayen na masu gida ne. 'Yan haya kowa ya nemi inda zai nufa.

Su ƙawar 'yata ne suka riga mu tashi da mako guda. Babanta ya samu ɗaki a unguwar Pissy, kusa da ramin dutse, ya ce matarsa za ta iya fasa tsakuwa a can kamar sauran mata. Amalanken ya zo da hantsi. Da safen nan yaran sun yi faɗa a kan murfin kwalba, don haka lokacin da ake ɗora kaya 'yata tana bayan turmi ta juya baya. Na ce ta zo su yi sallama, ta ce ba ta yi da ita. Ƙawar tana zaune a kan tabarma a saman kaya tana leƙen tsakar gida har suka sha kwana. Can wajen azahar 'yata ta huce, ta ɗauki murfin ta nufi ɗakunan baya. Na ji ta tura ƙofar. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta tambaye ni komai ba, sai dai ta bi ɗakunan huɗu ɗaya bayan ɗaya tana duba bangonsu, ta ga duk suna tsaye.

Mun je Pissy sau ɗaya, bayan mun zauna a sabon wuri. Ramin ya fi yadda nake zato girma da zurfi. Ana ƙona tayoyi a kan dutse don ya tsage, baƙin hayaƙi ya rufe ƙasan, mata suna hawowa da kwanoni a ka, wasu suna zaune a ƙarƙashin tsummokara suna ta bugu, yara a gefensu fari fat da ƙurar dutse. Na yi ta tambaya, sai na gane ban ma san sunan matar na gaskiya ba, da sunan 'yarta nake kiranta, kuma masu irin sunan suna da yawa. Wata ta ce kamar ta san su, yarinyar ta yi ta tari ne suka koma ƙauye. Wata ta ce a'a, waɗancan daban ne. 'Yata tana tsaye a bakin ramin tana kallon ƙasa, na riƙe mata wuyan riga da ƙarfi har ta ce ina shaƙe ta. Ba mu gan su ba.

Da aka buɗe makaranta a sabuwar unguwa, ba ta sha wuyar yin ƙawaye ba. Cikin mako biyu ta shigo da yara uku tsakar gida. Sai dai wata rana malamarsu ta tsayar da ni a ƙofa, tana dariya, ta ce 'yata tana da wata ɗabi'a. Duk yarinyar da ta zo zama kusa da ita, kafin ta matsa mata sai ta tambaye ta gidansu nasu ne ko na haya. In ta ce na haya ne, sai 'yata ta ɗauki allonta ta koma wani benci. Malamar ta ce in yi mata faɗa, kada ta tashi da girman kai. Na ce to, zan yi mata.